Zoɓon da Aka Kama a Batha Ba Giya Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke ba gidajen abinci lasisi a yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ranka ya daɗe, sunana Rumasa'u, 'yar Malam Isufu mutumin Maraɗi, wanda ke dafa abinci a wani ɗan shago a unguwar Batha ta birnin Riyad, bayan layin masu tura kuɗi gida. Ni ba mai magana ba ce. Ko baƙo aka yi a gidanmu, ina kallon darduma nake gaishe shi. Da a gabanka nake tsaye, da ko kalma ɗaya ba za ta fito ba, shi ya sa na rubuta. Ina roƙon wani cikin ɗalibanmu na jami'a ya taimaka ya mayar maka da wasiƙar nan Larabci.

Na ɗaya. Shagon na kafilin Baba ne, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa yake zaune a nan, amma zoɓon da ake sayarwa a ciki ni da Inna muke dafa shi a gida. Ganyen zoɓo ne da citta da kanumfari da sukari, sai ɓawon abarba don ƙamshi. Ranar Laraba firjin shagon ya mutu, Baba bai lura ba, kwalaben suka kwana suka wuni cikin zafin Riyad. Ranar Alhamis jami'inku ya shigo dubawa. Baba cewa kawai ya yi wani ne riƙe da takardu, amma ni na ƙaddara shi dogo, mai sanyin murya, cikin farar jallabiya wadda ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Ya ɗauki kwalba ya murɗe murfin, sai ta yi ƙara, jan kumfa ya wanke masa ƙirji. A littattafan da nake karantawa, irin wannan tsautsayi shi ke haɗa mutum biyu, a ba da haƙuri, a sunkuyar da kai, kafin littafin ya ƙare an ɗaura aure. Namu kuwa da takarda manne a ƙofa ya ƙare.

Na biyu. Larabcin Baba na wajen tukunya ne, ya san albasa ya san farashi. Da ya ga jami'in yana shinshina kwalbar yana ɓata fuska, sai ya rantse, ya ɗauki wata ya shanye tas a gabansa don ya nuna ba komai. Sai gyatsa ta kubce masa. Ya kuma ƙara da cewa, "Wallahi a gida har yara shi suke sha." Ranka ya daɗe, da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Na uku. Takardar ta ce lasisin shagon na abinci ne da lemon gwangwani kawai, kuma ana zargin abin da aka samu yana sa maye. Mun sani sarai ba a ba kowa izinin sayar da giya a ƙasar nan, ba mu nema ba, Allah ma ya kiyaye mu da nema. Izinin zoɓo muke so. Baba ya je ofishinku ya tambaya, aka duba aka ce babu wani abu mai wannan suna. Alhali maƙwabcin shagonmu, wani dattijo Basudane, ganyen nan dai yake jiƙawa ya sayar da sunan karkade, ba wanda ya ce masa kanzil. Shi da kansa ya ce zai zo ya ba da shaida.

Na huɗu, kuma shi ne mai ciwon. A masallacin unguwarmu ta Al-Oud abokan Baba sun sa masa suna Alhaji mai mashaya. Shekaranjiya bayan la'asar wasu mutum biyu da ba mu sani ba suka tare shi a ƙofar gida, suka rage murya suka ce, "Malam, ko da sauran kayan nan?" Da takalmi ya bi su. Mun yi dariya, amma Inna daga baya ta shiga ɗaki ta yi kuka, domin kafili ya ce idan ba a buɗe shagon ba kafin iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, ba zai sabunta ba. Ni a nan aka haife ni. Maraɗi a hoto na san ta, sai muryar kakata a waya.

Don haka ina roƙo a kai kwalaben da aka tafi da su wurin masu gwaji, a kuma karɓi sabo daga hannun Inna a gwada su tare. Tarar firji, in akwai, Baba ya ce ya yarda da ita. A rubuta mana zoɓo a lasisi da duk sunan da ya yi muku daɗi. Wankin jallabiyar jami'in kuma yana wuyanmu.

Ina kuma roƙo a hanzarta. Mutumin da ya saba tsayuwa a bakin wuta ba ya iya zaman gida. Baba ya gyara famfo, ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, jiya ya ja akwatin da ke ƙarƙashin gadona ya tarar da littattafaina. Bai yi faɗa ba. Gilashinsa ya sa ya zauna a falo, yana karanta wa Inna da ƙarfi, yana tsayawa yana tambayata me ya sa saurayin ba shi da sana'a sai kallon yarinyar mutane. Da safen nan ya ce in miƙo masa littafi na biyu. Ranka ya daɗe, na san abin da ke cikin na biyu. Ka taimaka ka mayar da shi bakin aikinsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya maka zuriya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

'Yarka,
Rumasa'u