Kwana Arba'in da Uku a Takardar Zorka

Daga gida, 19 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Zorka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mijinki Velimir da 'yarmu Tiyana, Ya ƙara muku haƙurin zama a ƙasar mutane. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ranar Talata na kai Mama asibiti a Nish. Likita ya ce ƙafar ba ta ƙara muni ba, amma ya hana ta gishiri, ita kuma tun kafin mu fita ƙofa ta ce yaro ne, bai san daɗin abinci ba. Mun gama gasa tattasan bana mun zuba a kwalabe. Ta ware huɗu ta rubuta sunanki a jiki, duk da na gaya mata ba sa barin a shiga Ostireliya da irin wannan. Goggo Milunka ta sayar da saniyarta ta ƙarshe, yanzu da safe ba a jin komai a layinmu sai karen gidan Obrad.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa a cikin ambulan ɗin, alhali muna magana ta waya. Dalili shi ne mako bakwai ke nan duk sanda kika tambaye ni sai in ce ina kan nema, kuma ba gaskiya ba ne. Na daina nema tun mako na biyu. Na gwada faɗa miki da baki har sau uku, da na ji muryarki sai in koma maganar ƙafar Mama.

Na san abin da ke kanki. Shekara goma sha bakwai kina gaban aji a nan, kika bi Velimir da bizar matar aure, yanzu shekara biyu kina wanke kwanukan yara a gidan reno. Jarrabawar Turanci kin ci a karo na uku, hukumar malamai ta can ta karɓi takardar kwalejinki, saura abu ɗaya: shaidar cewa kin yi kwana arba'in da biyar kina koyon aikin koyarwa a ƙarƙashin idon wata malama. Kin ce idan ba ta isa kafin ƙarshen Nuwamba ba, za su rufe fayil ɗin, sai dai ki koma jami'a, abin da kika ce ba za ki iya ba. Ban manta ko ɗaya ba, duk na rubuta.

Na je kwalejin kamar yadda kika ce. Matar da ke ofis ta duba, ta ce a shekarunku ba su ne ke ajiye littafin koyon aiki ba, yana zama a makarantar da ɗaliba ta yi aikin. Ke kuwa a makarantar ƙauyenmu kika yi, kuma kin san ni ne na riƙe makullinta har ranar da aka rufe ta.

A shekarar ƙarshe yara uku suka rage mana. Shugaban babbar makarantar da tamu ke ƙarƙashinta ya aiko mini da jerin abin da zan kai ma'ajiyar takardu ta gari: manyan rajistocin maki da fayilolin ma'aikata. Na kai su duka, na karɓi shaida, tana nan. Abin da ke cikin koriyar kabad ta bayan aji ba ya cikin jerin. Itacen da aka kawo mana a sanyin nan jiƙaƙƙe ne, murhu ba ya kamawa, yaran suna rubutu da safar hannu. Da na dawo daga kwaleji na ɗauko littafina na shekarar, wanda nake rubuta abin da ya faru kullum, na buɗe. Ranar 11 ga Janairu na rubuta cewa itace ya ƙi, na kama wuta da takardun da ke layi na biyu na koriyar kabad. Haka na yi ta rubutawa har tsakiyar Fabrairu. Ina tuna su, ƙananan littattafai masu shuɗin bango, domin bangon ba ya saurin ci, sai na yage shi. Ban buɗe ko ɗaya na duba suna ba. Naki yana cikinsu, Zorka. Ni na ƙone shi da hannuna.

Da kika ce mini hukumar na iya duba rantsuwar malamar da ta kula da ke idan takardu sun ɓace, sai na ga wata ƙofa, na ce bari in gyara kafin in faɗa miki. Na nemo Malama Stanka. Tana gari wurin 'yarta, shekararta tamanin da huɗu, ba ta sauka daga bene, amma bakin yana nan yadda kika san shi. Tana ganina ta ce ga Radisha mai littafi, ta tambaya ko har yanzu ina rubuta sau nawa kaza ta yi tari. Ta tambaya ko na yi aure, kafin in amsa ta ce wace mai tsautsayi za ta auri mutumin da zai ajiye kowace rigima da kwanan wata. Ta sa aka kawo mini kofi da ruwan sanyi. Da na ambaci sunanki sai ta ce tana tuna ranarki ta farko: muryarki na rawa, alli ya karye a hannunki, yara suka kwashe da dariya, ke ma kika taya su. Ta ce tun a nan ta san ke malama ce, sauran duk cika takarda ne. Da ta ji aikin da kike yi a can, ta ce waɗannan mutanen an kawo musu malama har gida sun miƙa mata soso.

Na faɗa mata abin da na yi da littattafan. Ba ta zage ni ba, ta ce ita ma ta san sanyin ajin nan. Ta ce a kawo takarda, za ta rantse ta sa hannu a gaban duk wanda ake so. Sai dai kwanaki sun kuɓuce mata, ta ce kai da ba ka mantuwa, nawa ne. A nan ne na yi kuskure na biyu. Na je da littafina na shekarar 2003 a aljihu, don in nuna mata ranar da kika fara. Maimakon in ce arba'in da biyar in yi shiru, sai na buɗe a kan teburinta na fara ƙirgawa, da ƙarfi, ina bi da yatsa. Mako tara ne cif, amma akwai kwana biyu a Afrilu da ba ki je ba: ranar da muka binne Baba, da washegari da muka koma kabari da kyandir da alkama kamar yadda al'ada take. Na ƙirga sau uku ko zan ga na yi kuskure. Arba'in da uku.

Malama ta ce wa ya aike ni, wa ya ce in ƙirga mata a kunne. Ta ce da na faɗi arba'in da biyar da ta sa hannu da zuciya ɗaya, domin ta manta sarai. Ta ce yanzu ta tuna, a shuɗin littafin nan arba'in da biyar ta rubuta, don ba za ta rage wa marainiya kwana ba, kuma shugaban makaranta ya yarda. Amma wancan littafin makaranta ne, wannan rantsuwa ce, ita kuma ta kusa zuwa inda za a tambaye ta. Na roƙe ta. 'Yarta ma ta ce haba Mama, kwana biyu ne fa, wa zai sani. Ta ce ita ta sani, wannan sakaran ma ya sani, kuma kafin yamma zai rubuta. Tana faɗa tana share ido da gefen ɗankwalinta.

Don haka abin da ke cikin ambulan ɗin ke nan. Rantsuwar Malama Stanka, da hatimi da fassarar mai fassarar kotu, ta ce kwana arba'in da uku, ta faɗi dalilin biyun. A ƙasa ta ƙara layi da hannunta cewa a shekara talatin da takwas na aikinta ba ta bar wa wata ɗaliba aji ta fita hankali kwance ba sai ke. Akwai kuma tawa takardar, inda na bayyana yadda littafin ya salwanta, da sunana da kwanan wata. Na tambayi mai fassarar ko mutanen can suna yafe kwana biyu. Ya ce bai sani ba, amma a iya ganinsa lamba suke dubawa. Ba zan ce miki komai zai yi daidai ba, domin ban sani ba.

Tun ranar nake juya abin. Wani lokaci in ce gaskiya na faɗa, wani lokaci in ga ba gaskiya ce ta sa ni ƙirgawa ba, hali ne kawai, na kasa barin lamba ta wuce ban duba ta ba. Ke kika fi kowa sanina, ke za ki faɗa. Mama ba ta san komai ba, kullum tana gaya wa Goggo Milunka cewa bayan Kirsimeti za ki koma aji. Na bar miki ki zaɓi yadda za ta ji.

Ki gaishe da Velimir, ki ce masa na gyara rufin ɗakin ajiyarsu kafin ruwa ya sauka. Ki sumbaci Tiyana a goshi a madadina. Mama na gaishe ku, Goggo Milunka da Obrad na gaishe ku, Malama Stanka ma ta ce a gaishe ki, ta ce kar ki bari su sa ki manta riƙe alli.

Ban nemi ki yafe mini yanzu ba. Abu ɗaya nake roƙo: ko ba kya son jin muryata, kar ki fasa kiran Mama ranar Lahadi. Idan wayar ta yi ƙara zan miƙa mata, in fita tsakar gida har ku gama.

Yayanki,
Radisha