Wanzami ko Jirgin Zariya

Assalamu alaikum Edita da masu karatun wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, Gumel ba ta da girman da zan ɓuya a cikinta. Shawara nake nema, kuma a taimaka kada a tsaya a kan "ki yi haƙuri", na sha shi har ya gundure ni.

Ni malamar firamare ce, ina zaune da mahaifiyata, Inna, mahaifina ya rasu. A shekarar farin nan, ina gama sakandare, wani ƙullutu ya fito min a wuya. Wani malamin asibiti ya latsa ya ce maƙoƙo ne, ba komai. Haka muka zauna abu yana girma, sai da aka kai ni Zariya aka ce ciwon daji ne. Aka yi min aiki aka cire, na warke Alhamdulillahi, ga tabon nan ina rufe shi da mayafi. Da za a sallame ni likitan ya ja min kunne cewa kada in bari kowa ya kai ƙarfe wuyan nan ban zo ya gani ba.

To tun farkon damina nake jin wani abu in na haɗiye, kamar ƙaiƙayin gero ya maƙale min a gefen hagu. Ba zafi, tuwo yana wucewa, fura tana wucewa, amma yana nan. Abin haushin, in ina aji ina fama da yara sam ba na jin sa, har ƙosai nake ci lokacin tara lafiya lau. Ina dawowa gida in zauna shiru, sai ga shi. Yanzu aikina ke nan, in haɗiye yawu in saurara, in latsa wuya gaban madubi har wurin ya yi tsami, sannan in rasa tsamin na ciwo ne ko na yatsuna. Na je asibiti, likita ya haska ya tattaɓa ya ce bai ji komai ba, wataƙila tabo ne ke ja da kuma yawan tunani, amma in ina son tabbaci in koma Zariya. "Ba komai" ɗin nan fa na taɓa jin ta.

Kuskurena da na gaya wa Inna. Ashe a duk 'ya'yanta ni kaɗai ce ba a cire wa belu ranar suna ba, Babana ya hana, wai ya ji a wajen aiki cewa ba kyau. Tun da na kwanta ciwo take riƙe da abin a ranta, ita a ganinta belun da aka bari ne ya ruɓe ya zama wancan ciwon, kuma laifinta ne da ba ta matsa ba. Ba ta yi shawara da ni ba ta aika wa wanzamin gidanmu, tsoho ne, shi ya yi wa yayyena. Ya zo ya sa na buɗe baki, ya leƙa, ya ce, "Ai ga shi nan ya sauko har yana shafar maƙogwaro, 'yar boko. Kafin ki ce wayyo na gama." Na ce masa Baba likita ya hana. Ya yi dariya ya ce likitan da ya yanka ni daga nan zuwa nan ne yake tsoron aska?

Bayan ya tafi muka yi ta da Inna, na ce ba wanda zai yanka ni a tsakar gida kamar kaza, ta ce dama tun da na iya Turanci na raina ta. Sai ta fashe da kuka, ta ce ita ba za ta iya sake zaman barandar asibitin nan ba, in bari ta gyara abin da ta bari. Ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar da aka shiga da ni ɗakin aiki. Da ƙyar na samu ita da wanzamin suka yarda a ɗage yankan zuwa hutun makaranta.

Kuma in faɗa muku gaskiya, wani ɓangare na zuciyata yana son wanzamin. Belu ciwo ne mai iyaka, a yanke, a sha kunu, shi ke nan. Jirgin ƙasan da zan hau a Gagarawa zuwa Zariya kuwa ban san me zai kai ni in jiyo ba. Na san wannan ba hankali ba ne, ba sai an faɗa min ba.

To jama'a ya zan yi? In saɓa wa uwata in hau jirgi ni kaɗai? In kuwa akwai wanda aka yi wa irin aikina ya ji abin nan a maƙogwaronsa, don Allah ya gaya min yadda ta ƙare, ko mai daɗi ko marar daɗi. Da wane baki kuma zan fahimtar da Inna cewa ba ita ta sa min ciwo ba? Ku amsa da wuri, hutu ya matso, jiya ma na ga ta auno geron kunun da za a ba ni bayan yanka. Yanzu na sake haɗiyewa. Yana nan.