Gorar Lemon Talatu

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Asabe,

Bayan sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah ya yalwata makwancinki. Shekara ta uku ke nan da muka kai ki, ni kuwa ina nan Birnin Kudu a zauren da kika bar ni. Ƙafafun sun ƙi, haƙoran ma saura huɗu. Yaran suna Kano, sukan bugo waya ranar Juma'a.

Kin tuna Talatu, maƙwabciyarmu ta bayan katanga? Tun da mijinta ya rasu take markaɗa kankana da abarba, ta ɗura a gorunan roba ta kai tasha. Kullum kafin azahar sai ta kawo mini gora ɗaya kyauta. Takan zauna a dakali tana ba ni labarin gari har in shanye, saboda da gorarta za ta koma. Ita kaɗai ke yi mini sallama a wuni.

Hajiya, daga inda nake zaune ina hango tsakar gidanta ta inda katangar ta zube. Gorunan tsinto su take yi a tasha da gidajen biki. Baho ɗaya take ɗauraye su a ciki, ruwan ba ya canzawa tun safe. Ƙanƙarar kuwa a kan buhu take fasa ta a ƙasa, ƙudaje suna tashi daga kwata suna sauka a kan kankanar da ta yanka.

Kin san aikina. Lokacin da nake duba-gari a Gwaram na kifar da randunan mutane ba adadi a kan abin da bai kai wannan ba. An nuna mana ƙwayoyin cuta a madubin likita, na gan su da idona suna motsi a ɗigon ruwa mai kyan gani. Ke da kanki kikan ce, "Malam, kai ko rijiyar gidanku sai ka rubuta mata sammaci."

Sau biyu taifod ta kwantar da ni bana. Na san ta inda ta shigo.

Watan jiya na daure na yi mata magana a hankali, cewa ta riƙa tafasa ruwan, ta wanke gorunan da sabulu. Sai ta ce, "Baba, ashe ƙyamar hannuna kake yi." Kwana huɗu ba ta leƙo ba. A kwanakin nan ban ji muryar mutum ba sai ta ladan.

Rana ta biyar ta dawo da gorarta. Na karɓa, Asabe. Na shanye tas, har na ce ya yi daɗi.

Sai na ɗauko babbar tukunyarki ta Sallah na ba ta, ina zaton za ta gane ta tafasa ruwa ce. Ta yi godiya har da hawaye. Itace ya yi tsada, ban ga laifinta ba. Yanzu a cikin tukunyar take tara gorunan da ta tsinto.

Ki yafe mini tukunyarki. Allah ya jiƙanki, ya tsare waɗanda ke sha a tasha ba su sani ba, ya yafe mini ni da na sani. Ya sada mu a inda ba ciwo.

Mijinki,
Malam Garba