Kaji Uku da Na Miƙa ta Katanga

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya sa shan maganin kike yi, ba ajiye shi kika yi a kan firji kina kallo ba. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Yaya, kajina ne, ɗari da ashirin ɗin nan masu ƙwai da nake kiwo a bayan gida. Ranar Litinin da safe na buɗe akurki na tarar da tara a ƙasa, sun sandare. Sauran sun yi jugum, kai ya kumbura, ko kallon abinci ba sa yi. Na ɗauka zafi ne. Na ce da a yi asarar duka, gara a yanka masu sauran numfashi. Baban yara ya yanka shida, na miƙa wa Maman Biyu uku ta katanga. Kin tuna ta, telar nan maƙwabciyata da ta ce tsayinki ya cinye mata yadi. Ta yi ta godiya, ta zauna a tsakar gidanta tana figar su muna hira.

Yau kwana huɗu ke nan, talatin suka rage. Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Na ga kiranki har sau biyar. Ki yi haƙuri, abin da ke bakina ba zai faɗu a waya ba.

Maman Biyu tana asibiti. Zazzaɓi ya fara kama ta, sai tari, idanunta suka yi ja. Aka yi mata maganin zazzaɓin sauro, kamar an zuba ruwa a kwando. Daga baya numfashinta ya fara sarƙewa. Ina wanke-wanke na ji likita a rediyo yana bayanin murar tsuntsaye, wai takan kama mutumin da ya taɓa kaza mai ciwon ko ya fige ta. Kwanon da ke hannuna ya faɗi.

Na gaya wa Baban yara. Ya ce, "Ki kama bakinki. In kika faɗa, duk kajin layin nan za a kashe. Da wane ido za mu kalli mutane?" Ba mugunta ba ce, Yaya, tsoro ne. Ni ma shi ne ya riƙe ni kwana biyu, ina kai abinci asibiti ina cewa Allah Ya ƙara sauƙi, alhali na san abin da likitoci suke nema ba su gani ba.

A rana ta uku na tarar da 'yan biyunta a kan benci, an sa musu riguna a baibai, ba wanda ya lura. Likitar da ke duba Maman Biyu ta zo wucewa, na riƙe hannun rigarta na ce, "Ni na ba ta kaji marasa lafiya, ita ta fige su." Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambayi ranar da abin ya faru, ta juya da sauri. Kafin na bar wurin an canza magani, an mai da Maman Biyu ɗaki ita kaɗai.

Washegari likitocin dabbobi suka zo cikin fararen kaya da takunkumi. Ba su bar ko ɗan tsako a layinmu ba, har da agwagin tsohuwar nan ta gidan ƙarshe da tattabarun mai aski. Suka binne, suka yi feshi, suka ce mu zauna a gida kwana goma ana auna zafin jikinmu. Mu dai Allah Ya tsare mu.

Mijin Maman Biyu, makanikin nan, ya tsaya a bakin ƙofarmu ya ce, "Kin san ba su da lafiya kika ba mu?" Na sani, Yaya. Abin da ban sani ba shi ne ciwon kaza yana tsallakawa jikin mutum.

Taki,
Auta

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta har takardar ta yi laushi. Allah Ya bar mini ke.

An sallamo Maman Biyu bayan kwana goma sha tara. Na ji tsayuwar mota, na ji ihun yaranta, amma ban shiga ba. Tsohuwar mai agwagi har yau ba ta amsa gaisuwata, ban kuwa ga laifinta ba.

Jiya da hantsi makanikin ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bai kalle ni ba, ya ce, "Ta ce ki zo."

Na same ta kwance a katifa kusa da keken ɗinkinta. Ta rame, sai idanu, muryar ma da ƙyar take fita. Na durƙusa zan fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta ce likita ta gaya mata wadda ta yi magana, ta kuma gaya mata cewa da an ƙara kwana ɗaya, da wani zancen ake yi yanzu. Na ce ai kwana biyu na yi shiru. Sannan ta zame ɗankwalinta ta ce, "Na ji. Zo ki tsefe mini kan nan. Kwana goma sha tara ba wanda ya taɓa ni sai da safar roba."

Na zauna, ta ɗora kanta a cinyata. Ina tsifa hawaye na zuba a gashinta. Ban kai rabi ba barci ya ɗauke ta. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, Yaya, amma ban motsa ba sai da ta farka.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta