Kada Baba Ya Goge Baƙin

Okayama, 9 ga Oktoba

Mama,

Ina gaida ku da kyau. Yaya ciwon bayan Baba? Nan har yanzu da ɗumi, amma na san sanyi ya kusa sauka a wurinku can Aomori.

Ina lafiya, aiki yana tafiya. Muna ɗaure allunan itacen sugi uku-uku, mu kunna wuta a tsakiyarsu na minti biyar, har fuskarsu ta zama gawayi. A makon farko na lalata goma sha ɗaya. Maigidana a wurin aiki, dattijo Kuramoto, ya ce, "Ke mai digiri, shinge aka ce mu yi, ba gashin kifi ba!" Girata ta hagu ta ɗan babbake, amma rabi ne kawai, kuma tana tsirowa.

Ranar Laraba mota za ta kawo muku alluna arba'in na shingen bayan gida, duk ni na ƙona su. Gawayin yana tsare katako daga ruwa da ƙwari. Shingen gidan Kuramoto shekararsa talatin da huɗu ba fenti. Baba ba zai ƙara duƙawa da gwangwanin fenti ba.

Abu ɗaya ke damuna. Kin san Baba da tsafta: yana ganin baƙi zai ce datti ne, alhali baƙin shi ne maganin. Don Allah, kafin motar ta iso, ki ɓoye burushinsa na ƙarfe. Har da na bayan injin wanki, wanda yake zaton ba mu san da shi ba.

Ku kula da kanku.

'Yarki,
Mizuho