Garin Tafarnuwar Inna

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ina fata ciwon bayan nan ya sake ki. Mu nan sai godiya, in ban da Inna.

Yaya, Inna ta daina cin abinci. Tun da mantuwar nan ta kama ta na dawo da ita gidana, abu ɗaya ya rage da take ganewa, ƙamshin garin tafarnuwar da ta daka da hannunta kafin ciwon. Kin san kwalbar nan mai jan murfi. Wata bakwai ina tsakura kamar magani, ranar Talata na kankare gindin kwalbar da cokali. Na sa ɗanya a miya, ta sunsuna ta kau da kai. Na sayo garin kanti, ta ce, "Wannan ƙura ce, ɗauke." Loma uku take yi a wuni, su ma sai da lallashi. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Kin san ni da girki ba ma ga maciji. Lokacin da kike tsugune gefenta kina koyo, ni ina kan keken ɗinki. Don Allah ki rubuto min yadda take yi, kada ki bar komai. Ina jin tsoro, Yaya.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku a tsaye.

Bari in tona wa kaina asiri. Ban jira amsarki ba, na ɓare tafarnuwa kwano guda na baza ta a rana ba tare da na yanka ba. Bayanta ya bushe, cikinta ya ruɓe, gidan ya yi kwana biyu yana wari. Gaggawa aikin shaiɗan, yanzu na yarda. Wannan karon na bi maganarki tiryan-tiryan. Na yanka siriri, na cire koren tsiron nan na tsakiya, na shanya a inuwa na rufe da ƙyalle. Ashe biyu take haɗawa! Garin ya shiga tare da albasa, ɗanya ƙwaya ɗaya a murƙushe ta bayan an sauke tukunya. Shekara talatin ina cin miyar Inna ban taɓa tambaya ba.

Kin ce sai ta kwana shida kafin ta daku. Likita kuwa ya ce in ba ta koma cin abinci ba a makon nan, za a zura mata bututu ta hanci. Na rufe shago, masu ɗinki suna ta aike, ban kula kowa ba. Aikina kawai in ɗaga ƙyalle in taɓa, in mayar.

Jiya ina ɓare wata tafarnuwar a gabanta, sai ta miƙo hannu ta ɗauki ƙwaya ɗaya. Da farce ɗaya ta zare ɓawon, hannun nan bai manta komai ba. Raina ya yi fari. Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yarinya, ke 'yar gidan wa ce?" Na shiga kicin na yi kukana, na fito na ce albasa ce.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, Allah ya sa kuna lafiya.

Inna ta ci. Ranar Lahadi tafarnuwar ta bushe ƙarau, na daka na tankaɗe, na yi miya yadda kika ce, na dafa shinkafa. Tun ina saukewa na ji ta tana motsi a ɗaki. Ta cinye shinkafar tas, ta nemi ƙari. Likita ya janye maganar bututu.

Sauran labarin ne yake min nauyi. Tana cikin cin ƙarin, ta kama hannuna ta ce, "Gwanata, ashe kin zo. Ai da jin ƙamshi na san ke ce." Sunan da take kiran ki da shi, Yaya. Sannan ta rage murya ta ce, "Auta ba ta iya komai ba sai tsiwa. Ko leƙo ni ba ta yi." Ni da nake mata wanka, nake juya ta a gado. Na buɗe baki in gyara mata, sai na ga sauran loma a hannunta. Na ce, "Haka ne, Inna, ki yi haƙuri da ita."

Kwana tara ke nan ina amsa sunanki. Washegarin Lahadin nan na gwada gaya mata gaskiya, ta ture kwano ta wuni ba ta ci ba, don haka na bari. Ba na jin haushinki, amma abin yana ci min rai, ba zan ɓoye miki ba.

Kin ce za ki zo ƙarshen wata. Ki zo, ina kewarki ƙwarai. Alfarma ɗaya nake nema. In kin shigo ɗakinta, kada ki ce ke ce. Ki ce mata ke ce Auta, kin zo duba ta. In ta yi miki faɗa, ki ba ta haƙuri a madadina.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta