Jimlar da aka yi da sunan Baffana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana, sunayen da zan kawo ma duk na canza su. Ni dattijo ne, na haura tamanin, yawancinku jikokina ne, amma don Allah ku ba ni shawara, domin abin da ke raina in na faɗa wa 'ya'yana kuka za su sa mini, in na faɗa wa liman kuwa na riga na san amsarsa.

Mu Fulanin gefen Kusada ne. Zamanin Turawa, saura 'yan shekaru su tafi, aka kai ni makarantar boko a Kankiya, ba da son mahaifina ba, dagaci aka matsa wa ya kawo yara, ya duba ya ga ɗan Bafulatani ya fi sauƙin kamawa. Da na shiga kuma sai karatun ya karɓe ni, musamman Turanci, ba yabon kai ba, a ajinmu babu wanda bakinsa ya kai nawa.

Wata shekara lokacin jangali, harajin shanu, Baffana, wato mahaifina, ya kora wasu shanunsa daji don kada a ƙidaya su, abin da kowa ke yi a lokacin, su masu ƙidayar ma sun san ana yi. Wani maƙwabcinmu manomi, da suka taɓa rigima a kan ɓarnar gona, shi ya kai tsegumi, ya kuma raka 'yan doka har inda shanun suke. Aka ɗaura wa Baffa igiya a ƙugu, aka taho da shi a ƙasa, aka bi da shi ta bakin makarantarmu mun fito hutun ƙarfe tara. Na gan shi, ya gan ni, ya sunkuyar da kai. Ɗan wannan maƙwabcin ajinmu ɗaya, bencinmu ma ɗaya, bari in kira shi Lawal.

Malaminmu na Turanci yana da wata al'ada, ba ya son misalin littafi, sai ya ce kowa ya tashi ya kawo misali daga abin da idonsa ya gani, wanda ya fi masa daɗi ya rubuta a allo, aji ya yi ta maimaitawa yana buga rula a tebur. A makon muna kan yadda ake cewa an yi wa wani abu, da kalmomin nan nasu masu ɗan wutsiya, su up da out da off, waɗanda in ka yar da wutsiyar maganar ta lalace. Wani ya kawo an kashe fitila, wani ya kawo an kori akuya. Sai Lawal ya miƙe, ya waiwayo ya kalle ni, ya ce "Buba was locked up", wato an kulle Buba. Buba sunan Baffana ne. Malam baƙo ne a garin, bai san waye Buba ba, ya ce madalla, ya rubuta, aji ya ɗauka kamar waƙa.

Ku 'yan yanzu ba lallai ku gane ba. A wurinmu ɗa ba ya kama sunan ubansa, ko mai suna irin nasa ka haɗu da shi sai ka sakaya. Da layi ya zo kaina na yi shiru, Malam ya ɗauka taurin kai ne, ya zane ni, washegari ya sake, Lawal na gefena yana danne dariya. Rana ta uku na faɗa. Bayan nan Baturen da ke duba makarantu ya zo, Malam yana son ya burge shi, ya tsayar da ni ni kaɗai saboda bakina ya fi fita, na kama sunan ubana a gaban Bature na ce an kulle shi, Baturen ya gyaɗa kai ya yi murmushi. Daga ranar yara suka sa mini Ɗan Lokdof. Baffa ya fito daga gidan yari da tari, bai ga daminar gaba ba. Ni kuma na kwashe tabarmata na bar makaranta, na bi shanu, daga baya na zama dillali a kara, kasuwar shanu, a nan na tsufa.

Malamin na yafe masa tuntuni, bai sani ba. Lawal ne matsalata. Ya yi karatu ya zama malami, har hedimasta, ya koyar a Kusada, a Kafin Soli, a Tafashiya, kuma ashe duk inda ya je da jimlar nan yake koyarwa. Ban sani ba sai wata rana a wurin suna, wasu manyan mutane masu furfura, tsofaffin ɗalibansa, suna hirar makaranta, ɗaya ya buga tafi ya rera ta, sauran suka amsa suna ƙyaƙyatawa, su a zatonsu Buba wani mutumin tatsuniya ne. Ina zaune da goro a hannuna, wallahi har na tashi ban iya kai shi baki ba.

Yanzu tsofaffin ɗalibansa sun shirya masa walimar karramawa a Kankiya ƙarshen watan nan. Suka bincika suka ga a 'yan ajinmu ni kaɗai na rage, suka ce ni zan tashi in ba da tarihin yarintarsa. Kafin in amsa na je na same shi a zaurensa, na ce Lawal tsakaninka da Allah me ya sa ka riƙe sunan Baffana shekara da shekaru. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai har yanzu kana nan? Mi ya yi zahi, misali ne hwa, kuma ai ba ƙarya na yi ba, an kulle shi." Na ce wa ya sa aka kulle shi, ya ce wannan maganar matattu ce a bar su su kwanta, na ce kai ne ka hana nawa kwanciya. Muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Da zan fita ya ɗaga murya ya ce in gaida gida, Ɗan Lokdof.

To ni na gama shirya abin da zan faɗa. Zan karɓi lasifika, in yi sallama, in ce Buban nan da kuke rerawa mutum ne, ubana ne, ga wanda ya kai shi, ga ɗansa nan zaune kuna karramawa. Zan faɗa da Hausa tiryan-tiryan yadda matan da ke bayan rumfa ma za su ji, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa da masu ɗauka a waya. Ina so ya sunkuyar da kai a bainar jama'a ko sau ɗaya ne kafin ɗayanmu ya mutu. Ba zan yi muku ƙarya ba, in na tuna yadda fuskarsa za ta koma, daɗi nake ji.

Abu ɗaya ke riƙe ni, babbar ɗiyarsa, ma'aikaciyar jinya ce. Lokacin ciwon ajalin matata ita ta yi ta ɗawainiya da ita, tana juya ta, tana yi mata wanka, abin da wasu na jikinmu suka gudu suka bari. Ba ta san komai ba. Ita ta zo har gida ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah kada ka ƙi zuwa, kai kaɗai ka rage mashi." In na yi abin da na shirya, ita zan fara yanka kafin ubanta, na sani.

Na so in ce ba ni da lafiya in yi zamana. Sai shekaranjiya shugaban masu shirya taron ya kira ni yana murna, wai sun tsara da na gama jawabina tsofaffin ɗalibai duka za su miƙe su rera wa Malam Lawal jimlarsa, don ya ji daɗi. Wato in na je na yi shiru, a gabana za a yi, ina kan kujerar manyan baƙi. In ban je ba ma za a yi, a ɗauka a waya, jikokina su gani su yi dariya, ba su san sunan kakan uwarsu ba ne.

Shi ya sa na zo gare ku. In tashi in tona, in rasa yarinyar da ta rufa wa matata asiri, ko in same ta a keɓe in faɗa mata waye ubanta da kakanta, in bar ta da nauyin? Masu cewa Baba ka yi haƙuri na ji, haƙurin na yi shi tun kafin a haifi iyayenku. Ku dai faɗa mini, in mutum ɗari suka miƙe suna tafi da sunan ubanku, ku ina za ku sa idonku?